Yadda Ake Gane Dinarin Kaisarorin Rum da Yadda Ake Tara Shi

Duk ɗalibin da ya durƙusa gaban malami ya karanta babin zakka a cikin Risala ko Muhtasar ya ji an ce nisabin zinariya dinari ashirin ne, amma kaɗan ne suke tsayawa su tambaya wane dinari ake nufi, wa ya buga shi, me kuma aka rubuta a jikinsa. Alhali kuwa a zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har zuwa bayan halifofi shiryayyu, Larabawa ba su da gidan buga zinariya na kansu, dinarin da ake ciniki da shi a Makka da Madina na Rumawa ne, fatake ne suke zuwa da shi daga Sham, yana ɗauke da surar Hirakal ko ta sarakunan da suka gabace shi. Sai a shekara ta 77 bayan Hijira, wato 696 zuwa 697 Miladiyya, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinarin da babu sura a kansa sai rubutu. Saboda haka wanda ya himmatu ga sanin kuɗin zinariya na Kaisarorin Rum bai fita daga da'irar ilmin da ya shafe mu ba, kuma tun da yake a yau akwai 'yan'uwanmu da fatauci ko neman ilmi yake kai su Alkahira da Santambul da Dubai da Landan, inda akan miƙa wa baƙo irin wannan kuɗi a ce masa ya shekara dubu biyu, ya kyautu a shimfiɗa hanyar da ma'abota wannan fanni suke bi wajen rarrabe sahihi da jabu, da sanin sarkin da ya buga shi, da shekarar da aka buga.

Zamanin da maganarmu ta shafa ya faro ne daga shekara ta 27 kafin Miladiyya, sa'ad da majalisar dattawan Rum ta laƙaba wa Oktabiyan sunan Agustus, ya kuma tuƙe a shekara ta 476 Miladiyya da aka tuɓe Romulus, sarkin ƙarshe na ɓangaren yamma, ko da yake ɓangaren gabas ya ci gaba da buga kuɗinsa a Kustantiniyya ƙarni bayan ƙarni. A cikin waɗannan shekaru ɗari biyar manyan kuɗin zinariya iri biyu ne. Na farko shi ne wanda suke kira awuriyus, ɗan ƙarami mai kauri, faɗinsa milimita 18 zuwa 20, ana canza shi da tsabar azurfa 25. Don mai karatu ya san girman darajarsa kuwa, albashin sojan ƙasa a zamanin Agustus tsabar azurfa 225 ne a shekara, wato awuriyus tara ke nan. Na biyu shi ne solidus, wanda Kustantin ya fito da shi wajen shekara ta 310, ya fi na farko faɗi amma bai kai shi kauri ba, kuma daga gare shi dinarin Musulunci ya samo siffarsa da kusan awonsa.

Asalin da duk aikin ya ginu a kansa shi ne cewa ba a yanke wa tsaba hukunci da hujja guda, wajibi ne nauyinta da rubutunta da fuskar da ke kanta da irin aikin hannun da aka yi mata su haɗu su nuna zamani ɗaya, in kuwa guda daga cikinsu ta saɓa wa sauran, to shubuha ta shiga, kuma barinta ya fi sayenta. Kayan aikin ba su da yawa: ma'aunin lantarki irin na masu sayar da gwal, wanda yake nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da madubin hannu mai ƙara girman abu sau goma, da fitila da za a haska tsabar da ita ta gefe, da ƙyalle mai taushi da za a shimfiɗa a kan tebur domin kada ta suɓuce ta faɗi a kan abu mai tauri. Amma dutsen gwaji da ruwan asid da magagari, waɗanda maƙeran zinariya suka saba da su, duk haramun ne a wannan babi, gama gogar da za a yi wa gefen tsaba sau ɗaya tana iya zubar da babban kaso na ƙimarta, kuma aibi ne da ba ya gyaruwa har abada.

A fara da nauyi, domin shi ne hujjar da ba ta bukatar sanin harshen Latin. Rumawa suna da awo da suke kira libra, wanda ya kai kimanin giram 327, kuma sarki ne yake ƙayyade yawan tsabar da za a fitar daga libra guda ta zinariya. A zamanin Agustus tsabar ta kusa giram 8. A shekara ta 64, shekarar da gobara ta cinye babban sashe na birnin Rum, Nero ya mayar da ita 45 a libra, wato giram 7.3, kuma in ban da ɗan ƙarin da Domishiyan ya yi daga shekara ta 82, wanda bai dawwama ba, a kan wannan awo aka zauna kusan shekara ɗari da hamsin, har Karakalla ya rage ta zuwa 50 a libra, giram 6.5, wajen shekara ta 215. Daga nan sai daula ta faɗa cikin fitina, sarakuna suna hawa suna faɗuwa a hannun sojojinsu, awo ya rikice ƙwarai har a zamanin Galiyenus, wanda ya yi mulki daga 253 zuwa 268, akan sami tsabar da ba ta kai giram 3 ba. Wannan zamani ne kaɗai nauyi ba ya da hujja mai ƙarfi a cikinsa. Diyokiletiyan ya daidaita al'amari a kan 60 a libra, giram 5.4, har a wasu garuruwa akan sa harafin Girkanci Ξ a jikin tsabar, wanda a hisabinsu yake nufin sittin. Sa'an nan Kustantin ya tsayar da solidus a kan 72 a libra, giram 4.5, awon da ya zauna daram kimanin shekara ɗari bakwai, tare da rabinsa mai giram 2.25 da sulusinsa mai giram 1.5.

Amfanin haddace waɗannan alƙaluma a fili yake. Idan aka kawo maka tsaba da sunan Tarajan, ka ɗora ta a ma'auni ta nuna giram 7.1 ko 7.2, wannan ya dace da tsabar da ta zaga hannun mutane ta ɗan goge. Idan kuwa ta nuna giram 3 da 'yan kai, to mafi rinjayen zato tsabar azurfa ce aka shafa mata ruwan zinariya, yaudara ce tsohuwa wadda take yiwuwa saboda sau da yawa zane iri ɗaya ake yi wa zinariya da azurfa. Akwai kuma gwajin ruwa, wanda ba ya cutar da tsaba ko kaɗan. Ka ɗora kofin ruwa a kan ma'auni ka mayar da shi sifiri, ka ɗaure tsabar da siririn zare ka zura ta cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindi ko gefe ba, ka rubuta abin da ma'aunin ya nuna, sa'an nan ka raba nauyinta na busasshe da wannan adadi. Tsaba mai giram 7.30 ya kamata ta nuna kimanin 0.38, sakamakon rabon ya fito 19 da ɗoriya, domin zinariya tsantsa 19.3 take bayarwa, kuma zinariyar Rumawa ta waɗannan zamunna tana dab da tsantsa. Azurfa kuwa 10.5 take bayarwa, darma 11.3, jan ƙarfe bai kai 9 ba. Sai dai a sani, wannan gwaji ƙarfen kawai yake tabbatarwa, bai tabbatar da shekaru ba, gama manyan masu jabu da zinariya ta gaskiya suke aiki, tun da kuɗin ƙarfen bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da farashin da suke haƙo.

Sai karatun rubutu, wanda shi ne zuciyar wannan ilmi, kuma ya fi sauƙi bisa yadda mutane suke tsammani, domin kalmomi ne 'yan kaɗan ake ta maimaitawa a taƙaice. Galibi rubutun yana farawa daga ƙasa ta hagu, bayan wuyan sarki, ya kewaya bin tafiyar hannun agogo, ba tare da tazara tsakanin kalmomi ba, kuma harafin V ne suke sawa a wurin U. IMP shi ne sarkin yaƙi, CAES ko CAESAR Kaisar, AVG Agustus, wato laƙabin mai sarauta cikakkiya. P M shugaban addininsu na gargajiya, P P uban ƙasa, COS muƙamin kwansul, TR P kuwa ikon wakilin talakawa, wanda ake sabunta wa sarki kowace shekara. A ƙarni na huɗu sai salo ya sake, aka koma fara rubutu da D N, wato shugabanmu, a rufe da P F AVG. Idan ka ga AVGG da G biyu, galibi sarakuna biyu ne suke mulki tare a lokacin, in uku ne uku. Idan kuma ka ga DIVVS ko DIVO a gaban suna, to mai sunan ya riga ya mutu, magajinsa ne ya buga tsabar don tunawa da shi, saboda haka kada ka lissafa ta cikin shekarun mulkin mamacin.

Rumawa ba sa rubuta shekara a jikin kuɗi yadda muke yi, amma sun bar mana abin da ake istinbaɗin shekara daga gare shi, kuma a nan ne daɗin aikin yake. Ɗauki misalin tsabar da aka rubuta wa IMP TRAIANO AVG GER DAC P M TR P COS V P P. Sunan Tarajan ya bayyana, wanda ya hau mulki a 98 ya mutu a 117. Laƙabin DAC ya same shi ne a ƙarshen shekara ta 102 bayan yaƙinsa na farko da mutanen Dasiya, ƙasar da Romaniya take a yau. Ya riƙe muƙamin kwansul karo na biyar a 103, bai riƙe na shida ba sai 112. Ashe ke nan tsabar ta faɗo tsakanin 103 da 111. Da a ce an rubuta COS VI tare da PARTHICO, da sai mu ce ta 116 ce ko 117, domin a 116 aka ba shi wannan laƙabi. Lissafin TR P ya fi wannan ƙuntata lokaci, gama shekara guda yake nunawa: ga Markus Oreliyus, alal misali, idan ka ƙara 146 a kan adadin TR P za ka sami shekarar, ta yadda TR P XXVI take kamawa daga Disamba ta 171 zuwa Disamba ta 172. Amma akwai inda wannan hanya take gajarta, kamar Hadiriyan, wanda ya riƙe kwansul karo na uku a 119 bai ƙara ba har ya mutu a 138, don haka COS III a kuɗinsa shekara goma sha tara ta rufe, sai dai a koma ga siffar fuska da sauran laƙubba.

Babban ramin da masu farawa suke faɗawa shi ne kamancin sunaye. Sunan ANTONINVS sarakuna da dama ne suka yi amfani da shi: Antoninus Piyus, da Markus Oreliyus, da ɗansa Komodus, da Karakalla, da Elagabalus, su biyun ƙarshe kuwa sunayen da tarihi ya san su da su laƙubba ne da ba a taɓa bugawa a kuɗinsu ba. A lura da jerin kalmomi, domin Antoninus Piyus, mai mulki daga 138 zuwa 161, galibi ANTONINVS AVG PIVS yake rubutawa, Karakalla kuwa ANTONINVS PIVS AVG, sau da yawa tare da BRIT daga 210 ko GERM daga 213. Haka nan Titus yana ɗauke da sunan ubansa Basbasiyan, harafin T guda a farkon rubutu ne wani lokaci yake rarrabe su. A zamanin solidus, kafin 476, akwai Tiyodosiyus biyu da Balantiniyan uku, na uku daga cikinsu ana gane shi da PLA kafin sunansa.

A irin wannan wuri fuska ce take raba gardama, kuma masu sassaƙa hatimin Rum a ƙarni biyu na farko gwanaye ne na haƙiƙa, ba sa ɓoye aibin sarki: ƙaton wuyan Nero a ƙarshen mulkinsa, da tamoji a goshin Basbasiyan, da dogon hancin Nerba, da ɗaurarriyar fuskar Karakalla, duk wanda ya gan su sau kaɗan ba zai sake rikita su ba. Daga Agustus zuwa Tarajan galibi sarakuna suna aske gemu. Hadiriyan ne ya fara barin cikakken gemu a 117, aka bi shi a kan haka kusan shekara ɗari biyu, har Kustantin ya komo da aski, daga nan ba a cika ganin gemu mai yawa ba sai ga 'yan kaɗan irin Juliyan wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363. Abin da ke kan sarki shi ma hujja ne. Kambin ganye na farkon zamani ne. Ɗaurin kai mai lu'ulu'u ya shigo ne a zamanin Kustantin bayan 324. Surar sarki yana fuskantar mai kallo sanye da kwalkwali, mashi a kafaɗa, garkuwa a hannu, ta bayyana a zamanin Kustantiyus na biyu, ta kuma zama al'adar gabas tun daga Arkadiyus. A wannan zamani na ƙarshe fuskokin sun daina kama da masu su, kowa ya zama kamar kowa, rubutu kaɗai ya rage abin dogara.

Bayan tsabar kuwa shi ne inda sarki yake shelar abin da yake so talakawa su ji. Kalaudiyus ya sa ƙofar nasara da DE BRITANN don cin Birtaniya, Basbasiyan ya sa mace tana zaune cikin baƙin ciki da IVDAEA, Hadiriyan ya jera lardunan da ya ziyarta, har da AFRICA da AEGYPTOS da NILVS, wato Kogin Nilu. Wajibi ne abin da ke baya ya dace da abin da ke gaba a zamani, domin masu jabu sukan haɗa fuskar wani sarki da bayan kuɗin wani. A solidus akwai ƙarin fa'ida, ita ce alamar gidan bugu a ƙasan zane ko a gefensa: TR garin Trier ne a Jamus ta yau, MD Milan, RV Ravenna, RM birnin Rum, ANT Antakiya, CON Kustantiniyya. Daga shekara ta 367, zamanin Balantiniyan na farko da ɗan'uwansa Balens, aka fara ƙara OB, ma'ana tatacciyar zinariya, shi ya sa ake ganin CONOB da TROB. COMOB kuwa alamar ma'aikatar zinariyar fada ce, garin sai a neme shi a haruffa biyu da ke hagu da dama. Tsabar da ta zo da OB alhali sarkin da ke kanta ya mutu kafin 367 ta tona asirin kanta. Kuma a sani cewa ƙabilun da suka gaji yammacin daular sun ci gaba da kwaikwayon solidus da sunayen sarakunan Rum, da rubutu karkatacce mai kurakurai. Waɗannan tsofaffi ne na gaskiya, suna da masu nemansu, amma ba bugun daula ba ne.

In ka gama wannan karatu sai ka koma ga kundayen malaman fannin don tahakiki. Madogararsu ita ce The Roman Imperial Coinage, wanda Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara fitarwa a Ingila a 1923, aka cika juzu'insa na goma a 1994, kuma da lambobinsa 'yan kasuwa suke ambaton kowace tsaba; akwai tsohon kundin Henry Cohen na Faransa, da littafin Xavier Calicó mai juzu'i biyu wanda ya keɓanta ga awuriyus. Wanda ba shi da halin sayensu, ƙungiyar masana kuɗi ta Amurka da ke New York ta zuba lambobin kundin farko a intanet kyauta, tare da hotunan abin da ke taskokin gidajen tarihi. Ka nemi irin taka, ka gwada harafi da harafi.

Jabu iri biyu ne, na zubi da na bugu. Kuɗin Rum na gaskiya bugawa ake yi: a ɗora gutsuren zinariya a kan hatimin da aka kafa a uwar maƙera, a ɗora hatimi na biyu a kansa, a sauke masa guduma, ƙarfen ya bazu ya cika kowane lungu na zanen, saboda haka a ƙarƙashin madubi za ka ga haruffa masu kaifin baki, da siraran layuka suna fita daga tsakiya zuwa gefe inda ƙarfen ya gudana. Na zubi kuwa haruffansa a dakushe suke kamar an lasa, fuskarsa da 'yan ramuka na kumfar iska, a gefensa kuma akan ga layin da ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu, ko sawun magagari inda aka goge layin. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuya shi ne wanda aka sassaƙa masa sabon hatimi aka buga shi da zinariya ta gari, aikin da Bajamushe Carl Wilhelm Becker, wanda ya rayu daga 1772 zuwa 1830, ya shahara da shi har ya ruɗi manyan masu tara kuɗi na zamaninsa, kuma har yau akwai magadansa a wannan mugunyar sana'a. Ba abin da yake kama irin wannan sai idon da ya ƙoshi da ganin sahihi, wanda zai ji cewa idon sarkin ko gashinsa ko tsayuwar haruffan ba na hannun Barume ba ne. Akwai kuma hujja guda yankakkiya: tun da da hannu ake bugu, tsaba biyu suna iya fitowa daga hatimi ɗaya, amma ba ya yiwuwa su yi daidai a siffar gefe da karkatar zane da wurin ƙwarzane, in ka ga tagwaye irin haka, a hannun mai sayarwa ko a hotunan jabun da masana suke wallafawa, to an kwafe su ne daga uwa ɗaya.

Sa'an nan akwai sahihiyar tsaba wadda aka yi wa illa. Da yawa an taɓa maƙala su a zobe ko sarƙa, sai ka duba gefen da ke saman kan sarki ko akwai sawun liƙi ko matsi. Wasu an huda su an cike hudar. Wasu an bi gashin sarki da rubutu da tsinken ƙarfe an sabunta su, ko an goge filin fuskar har ya yi santsi irin wanda bai dace da shekarunsa ba. Duk waɗannan suna rage ƙima, kuma amana ce a kan mai sayarwa ya bayyana su. Amma ƙananan alamun da masu canjin kuɗi na dā suka buga don gwaji, ko saran da ake gani a fuskar sarki a kuɗin da aka tono a kudancin Indiya, inda fataucin barkono ya kai zinariyar Rum, waɗannan wani yanki ne na tarihin tsabar.

Duk abin da ya gabata binciken matani ne, saura isnadi, kuma kamar yadda malaman hadisi ba sa wadatuwa da kyawun lafazi sai sun san wa ya karɓo daga wa, haka mai tara wannan kuɗi ba ya wadatuwa da kyawun tsaba sai ya san hannuwan da ta bi: wane gwanjo aka sayar da ita, a wace shekara, a taskar wa ta zauna, da hoto ko rasit da yake tabbatar da haka. Wasu tsabobin isnadinsu yana tuƙewa ga binnanniyar dukiya sananniya, kamar ta Boscoreale kusa da Pompeii, wadda aka tono a 1895, sama da awuriyus dubu da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, har zafin ya bar musu wani launi ja-ja da ake gane su da shi; ko ta Karnak a Masar ta 1901. Wasu taskokin kuwa hukuma ta riƙe su dungum, kamar ta Trier ta 1993, sama da tsaba 2,500 masu nauyin kilo 18.5, da ta Hoxne a Ingila ta 1992 mai solidus 569. Muhimmancin isnadi ya ƙaru tun bayan yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a kan kayan tarihi. Italiya da Girka da Turkiyya ba sa yarda a fitar da abin da aka tono a ƙasarsu, Masar kuma ta haramta cinikin kayan tarihi da dokar 1983. Saboda haka tsabar da aka miƙa maka a lungun kasuwa a Alkahira ko Santambul, imma dai jabu ce ka yi hasarar kuɗinka, imma sahihiya ce ka jawo wa kanka ɗauri a filin jirgi. Ko manya ba su tsira ba: zinariyar da Burutus ya buga a shekara ta 42 kafin Miladiyya don tuna kisan Yuliyus Kaisar an sayar da ita a Landan a 2020 a kan fam miliyan 3 da ɗoriya, daga baya ta bayyana cewa isnadinta ƙirƙirarre ne, aka mayar da ita Girka a 2023. Ra'ayina shi ne kada a saya sai daga dillalin da zai rubuta lamunin sahihanci ba tare da wa'adi ba, irin wanda ƙungiyar dillalan tsofaffin kuɗi ta duniya, da aka kafa a Geneva a 1951, take wajabta wa 'ya'yanta.

Musulmi yana da ƙarin abin lura, domin tsufan tsaba bai fitar da ita daga hukuncin zinariya ba. Cinikinta ya shiga babin canji, wanda ake sharɗanta karɓa hannu da hannu a cikinsa, musayarta da wata zinariya kuma tana bukatar daidaiton nauyi; nisabin zakka, da malaman zamani suke ƙiyasta shi da giram 85, yana cika da awuriyus 12 na awon Nero ko solidus 19; wanda kuwa ya tono irinta a ƙasa ya shiga babin rikazi, wato binnanniyar dukiya, da humusinsa, tare da dokar ƙasar da yake ciki. Waɗannan mas'aloli ne da ya kamata a kai wa malami kafin a biya kuɗi, musamman sayen da ake yi daga nesa.

Mai son farawa kada ya fara da zinariya. Ya sayi tsabobin tagulla da azurfa masu araha ya yi ta juya su a ƙarƙashin madubi har idonsa ya saba da bugun Rumawa. In ya tashi sayen zinariya, solidus na Balens da Honoriyus da Arkadiyus da Tiyodosiyus na biyu sun fi yawa sun fi sauƙin kuɗi, a cikin awuriyus kuma na Nero da Basbasiyan da Tarajan da Antoninus Piyus; na Oto kuwa, wanda wata uku kacal ya yi a mulki a shekara ta 69, ko na Didiyus Juliyanus na 193, in an tallata maka su da araha, arahar kanta ta isa dalilin gudu. Tsaba guda mai tsabta da isnadi ta fi biyar masu shubuha. A riƙe ta ta gefe, kada a goge ta da kowane irin magani ko ƙyalle, in ƙasa ta kama ta ruwa mai tsabta da ɗan sabulu sun wadatar. A ajiye kowace a ambulan nata dabam, da takarda mai ɗauke da sunan sarki da nauyi da faɗi da lambar kundi da wurin saye, kuma kada a yar da tsofaffin takardun da ta zo da su ko da sun yage.

Kira na ƙarshe ga maƙeran zinariya da masu sayen gwal a kasuwanninmu: idan Allah ya kawo muku tsaba mai surar mutum da haruffan Latin a kewaye, cikin kayan gado ko cikin sarƙar da aka kawo narkarwa, ku dakata da wuta, ku auna ta, ku ɗauki hotonta gaba da baya, ku kai wa ma'aikatan gidan tarihi ko sashen tarihi na jami'a mafi kusa da ku su karanta muku ita tukuna.